Ƙafar Gwaggo Mai Fura

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ƴar shekara shida, ta rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗakinta a nan garin Tawa, bayan jinyar kwana tara. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ni ce ɗiyar da ta samu, don haka nauyin wannan rubutu a kaina yake.

Mu uku muka shiga yi mata wanka: ni, da matar ƙanen babana, da wata tsohuwar maƙwabciya wadda ita ke wanke matan unguwarmu in sun cika. Da aka gama, tsohuwar ta yagi siririn ƙyalle don ta ɗaure manyan yatsun ƙafa biyu wuri guda, kamar yadda ake yi wa kowa. Abin ya ƙi. Manyan yatsun Gwaggo ba sa kallon juna. Na dama ya kwanta dama a kan ƴan'uwansa, na hagu ya kwanta hagu, ƙullutun ƙashi biyu da ke gindinsu su ne suke haɗuwa a tsakiya. Ta ɗaura, ƙyallen ya zame. Ta sake ɗaurawa, ya sake zamewa.

Sai ta dubi fuskar gawar, ta ce a hankali, "Ke dai har yau ba ki bar gardama ba."

Ta ɗaure a idon sawu. Matar ƙanen babana ta toshe baki da mayafi, ban sani ba ko kuka take ko dariya. Ni duka biyun na yi.

A zaman makoki na ga mutanen da ban taɓa zaton za su zo ba. Tsofaffin direbobin tasha, waɗanda suka sha furarta shekara da shekaru, sun cika ƙofar gida da furfurarsu. Ɗayansu ya aiko a kira ni bakin zaure, ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce, "Tun daga nesa muke gane ta. Ƙwarya a kai ba ta ko motsi, amma ƙahwahun nan kowace da tata hanya." Wani tsohon baduku daga kasuwa ya zo, ya zauna a gefen tabarma tun safe har azahar, yana ta hawaye. Mata sun zo daga ƙauyukan Bambeye da na Kalfu, wasu ban san su ba sam, kowace tana cewa Gwaggo ta yi mata abin da ba za ta manta ba.

Rana ta uku, wata amaryar danginmu da ba ta daɗe da shigowa gidan ba ta matso kusa da ni, ta yi tambaya da zuciya ɗaya.

"Yaya, wai gurguwa anka haife ta?"

Ban ji haushinta ba. Ita a kan sanda ta tarar da Gwaggo. Amma tambayar ta tsaya mini a rai. Na ga in na yi shiru, nan da ƴan shekaru abin da zai rage na Gwaggo a bakin yaran gidanmu shi ne wata tsohuwa mai karkatacciyar ƙafa. To, ƙafar ta karkace, gaskiya ne. Ga abin da ta yi da ita.

Ƙafar gidanmu ce. Kakata, wadda ta haifi Gwaggo da Baba, haka tata take, kuma an ce ita ma a wurin uwarta ta gada. Mata ta fi kamawa. Baba har yau yatsunsa a miƙe suke. Abin yakan fara ne a hankali. Gaɓar da ke gindin babban yatsa ta soma turowa waje, shi kuma yatsan ya soma jingina da na kusa da shi. Shekara ta bi shekara, gaɓar ta zama ƙullutu mai tauri, ta yi ja, ta yi zafi, duk takalmin da aka sa sai ya goge ta. Gwaggo ta ce nata ya tsananta ne bayan aurenta. Mijinta ya dawo daga cin rani a Abijan da takalmin roba rufaffe, ja, mai tsini. Ya matse ta tun ranar farko, amma ta sa shi shekara biyu don kada mijin ya ji ba daɗi. Da ya rasu ta ajiye takalmin a ƙasan akwati, ba ta ba kowa ba. Daga baya lokotoro, wato likita, ya gaya mini cewa ba takalmi ke haifar da abin ba, gado ne ya fi yawa, amma matsattsen takalmi yana ingiza shi ya yi sauri.

Bayan takaba ba ta koma ƙauye ba. Ta kama sana'ar fura. Kullum da hantsi za ta ɗora babbar ƙwaryar dawo da nono a kai, ta taka daga unguwarmu har tasha, a kan hanyar da rabinta yashi ne rabinta tsakuwa. In ta dawo da la'asar sai ta zuba ruwan ɗumi da gishiri a tasa, ta tsoma ƙafafun, ta rufe ido. Wannan ne kaɗai lokacin da ba a yi mata magana. In ta gama, ta shafa man kaɗe, ta naɗa auduga ta cusa tsakanin babban yatsa da na biyu. Ta san audugar ba za ta miƙar da ƙashi ba, tana dai rage gugar fata.

In na ga tana cije leɓe da safe, na ce, "Gwaggo, ki huta yau mana," amsarta ɗaya ce kullum.

"Tashi mu tahi. Ciwon shi biyo mu in yana so."

Ina ƴar shekara goma aka yi abin da ya kusa raba ta da sana'arta. Damina ce, fatar kan ƙullutun ta jiƙe ta fashe, ta zama miki. Ta ɗaure da tsumma, ta tafi tasha. Wani baƙon fasinja ya karɓi fura, ya kai ludayi baki, sai idonsa ya faɗa kan ƙafarta: ga yatsu sun hau juna, ga tsumma da ruwan miki. Ya ajiye ludayin, ya ce da abokin tafiyarsa, kuma bai rage murya ba, "Haka kuturtar kawuna ta soma."

Motarsu ta tashi, maganar ta zauna. Washegari rabin furar ta dawo gida. Rana ta uku dukanta ta dawo. Mutanen da suka saba zama a bencinta suka riƙa gaishe ta daga nesa suna wucewa. A lakwal, wato makaranta, yara suka soma kirana ɗiyar kuturwa, wadda muke zama teburi ɗaya ta matsa can ƙarshe. Na dawo gida ina kuka, na tarar da Gwaggo tana zuba wa awakin maƙwabta furar da ta yi tsami.

Wata maƙwabciya ta ba ta shawara ta riƙa sa safa, ta kuma koma bakin kasuwa inda ba a san ta ba.

Gwaggo ta ce, "In na ɓoye, na amsa ke nan. A tasha anka hwaɗa, a tasha zan kai amsa."

Da safe ta kama hannuna muka tafi babban asibiti. Muka bi layi har rana ta take. Lokotoron ya duba fatar jikinta, hannu da baya da fuska, sannan ya ce ta rufe ido. Ya ɗauki ƴar auduga yana taɓa ƙafar nan da can.

"Ina na taɓa, Iya?"

"Ƙaramin yatsa."

"Yanzu fa?"

"Dunduniya. Yanzu kuma ka zo inda ke da zahi, don Allah ka bari."

Ya yi dariya. Ya ce ba kuturta ba ce, ko alamarta babu. Ƙashin gaɓa ne ya goce daga mazauninsa, mikin kuma gugar takalmi ce da ruwan damina. Ya ce zai rubuta mata takarda.

Ta ce, "Ɗana, takarda wa zai karanta ta a tasha? Ka ba ni abin da ido zai gani."

Sai ya tura mu ɗakin hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo.

Ranar da hoton ya fito, ta dama fura kamar kullum, ta ɗora a kai, ta ce in biyo ta. Ba ta tsaya a wurin zamanta ba. Ta zarce rumfar direbobi, inda sarkin tasha yake zaune da mutanensa. Ta sauke ƙwarya, ta cire takalmi, ta kwance tsumman, ta ɗora ƙafar a kan benci a gabansu. Sannan ta zaro hoton daga ambulan, ta ɗaga shi sama saitin rana. Ƙasusuwan suka fito fari tas, kowane yatsa da gaɓoɓinsa, ga babban ya karkace kamar reshen da iska ta tanƙwara.

Ta ce, "Ga waje, ga ciki. Yatsu biyar nan, biyar can, babu wanda ya gutsure. Lokotoro ya ce ƙashi ne ya goce, gadon uwata ne. Wanda ya san kuturta shi matso shi duba da kyau, ba sauri nike ba."

Ni kam na so ƙasa ta tsage in shige. Mutane suka taru, hoton ya riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, kowa yana ɗaga shi sama yana ƙanƙance ido. Sarkin tasha ya daɗe yana kallo. Da ya miƙo mata, sai ya ce, "Iya, dama min hura. Ki sa nono da yawa." Ya shanye a gaban kowa, ya nemi ƙari.

Ba duka suka dawo a ranar ba. Wasu sai da suka yi wata, akwai ma waɗanda ba su ƙara shan furarta ba har abada. Amma ba ta bar tasha ba. Wani abu kuma ya sauya a wurinta. A bakin ƙofar tasha akwai wata tsohuwa da kuturta ta cinye wa yatsu tun da daɗewa, ta sha magani ta warke, amma ba mai zama kusa da ita. Daga wannan mako, kullum da azahar Gwaggo takan je ta zauna a gefenta, su sha fura tare suna hira. Na tambaye ta ko ba ta tsoron maganar ta sake tashi.

Ta ce, "Kwana bakwai na ɗanɗani abin da take sha tun kahin a haife ki. Su hwaɗi abin da za su hwaɗi."

Rigimarta da Baba a kaina ta faru. Ina shekara goma sha huɗu, na je hutun damina ƙauyenmu da ke ƙasar Bambeye, sai gaɓar babban yatsana na hagu ta yi ja ta kumbura. Baba ya duba, ya ce ruwa ne ya taru, a kira wanzami ya yi sakiya, wato a huda wurin da ƙarfe mai zafi. Innata ba ta iya musa masa ba, amma ta ba wata mata mai zuwa kasuwar Tawa saƙo a ɓoye ta kai wa Gwaggo.

Ranar da aka sa, da hantsi, ina zaune a tabarma, wanzami ya sa ƙarfensa a garwashi, sai ga Gwaggo ta shigo. Mota ta sauke ta a bakin babbar hanya, sauran tafiyar a ƙasa ta yi ta, a kan duwatsun nan na ƙasarmu ta Adar masu kaifi. Takalminta duk jini. Ba ta yi sallama ba. Ta ɗauki butar da ke gefe ta juye a kan garwashin.

Baba ya miƙe. "Yaya, mi ya kawo ki?"

"Ɗiyata na zo ɗauka."

"Ni na haife ta. Kumburi ne, a huda ruwan shi hita, ta huta."

Gwaggo ta zauna a ƙasa, ta cire takalmi, ta nuna masa wani baƙin tabo a gefen ƙullutunta na dama.

"Ka san wanga? Babanmu ya sa anka yi min, kana goye a bayan Inna. Wata biyu ina jan gindi. Jini ya hita, mugunya ta hita, ƙashin yana nan inda shike. Ba ruwa ba ne, ƙanena. Ƙashi ne."

Wanzamin mutumin kirki ne. Ya matso ya latsa gaɓata da yatsa, ya girgiza kai, ya ce, "Gaskiyarta, da tauri. Ni ma tun ɗazu raina bai kwanta ba." Ya tattara kayansa ya fita.

Abin da ya ƙona wa Baba rai ba maganar ba ce, a gaban baƙo da aka yi ta ne. Ya ce, "In kin tahi da ita yau, kada ki sake taka gidan ga."

Ta ce, "To." Ta ce da ni in ɗauko kayana.

Ba su ƙara magana ba har aka yi girbi. Kowa ya sa baki, kowa ya gaji, don dukansu biyu taurin kan nan ɗaya ne. Sai wata rana bayan kaka muka ji amalanke a ƙofar gida. Baba ne da dammunan hatsi. Ya sauke, ya zauna a zaure, Gwaggo ta dama masa fura ta kai da kanta. Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Can ya ce, "Ƙahwar yarinya fa?"

Ta ce, "Da ita take zuwa lakwal."

Iyakar sulhun ke nan. Ba su sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah.

Saboda ni ne ta je wurin badukun nan da ya zo makoki. Ita da can wuƙa take sa wa ta tsage gefen duk takalmin da ta saya, amma ba ta so in je kwalej da tsagaggen takalmi. Da ta gaya masa abin da take so, ya ce takalmi yana da tsarinsa, shi ba ya ɗinka abin da za a yi masa dariya. Ta ɗauki wani kwali a gefen rumfarsa, ta ce in taka, ta zagaye ƙafata da gawayi, ta miƙa masa.

"Ga tsarin. Ƙahwa Allah ya yi, takalmi kai ka yi. Wane ya kamata shi bi wani?"

Sau uku yana ɗinkawa tana mayar masa. Na huɗu ya yi daidai: baki mai faɗi, fatar akuya mai laushi, maɗaurin ya bi ta bayan ƙullutun bai hau kansa ba, ƙasan kuma a shimfiɗe. Ya yi mata nata ita ma. Daga nan, duk matar ƙauye da ta sauka a tasha Gwaggo ta ga tafiyarta, sai ta kira ta. Ba ta da kunyar wannan magana ko kaɗan. Za ta ce, "Ƴar'uwa, cire in gani." A ƙarƙashin bencinta kullum akwai kwalaye da gawayi. Ta zana, ta kai wa baduku, mako mai zuwa matar ta karɓa. Wata daga Kalfu ta gaya mini a wurin makoki cewa ta yi shekaru ba ta zuwa biki ko suna, don in an cire takalmi a ƙofa kowa ƙafarta yake kallo, in ta sa rufaffe kuma ba ta iya tsayuwa.

Ta ce, "Gwaggonki ta ce min, 'Ki tahi bikin. In sun kalla, ki ce musu irin ta mai hurar tasha ce.' Na tahi kuwa."

Ba zan ce ba ta da laifi ba, don ita kanta ba za ta so in yi mata ƙarya ba. Tana da kaifin baki, kuma in ta ga abu daidai ne ba ta neman izinin kowa. Da na gama karatu aka ba ni aikin koyarwa, na sayi takalmi mai tsini da doguwar dunduniya irin na sauran malamai mata. Na gaji da takalmin baduku, na gaji da zama daban. Kwana biyu tana ganina ina ɗingishi. Rana ta uku na tashi da safe na tarar ta tsage gefen kowanne da wuƙa.

Na faɗa mata maganar da har yau in na tuna nake neman gafarar Allah. Na ce don tata ƙafar ta lalace ne take baƙin cikin in yi ado.

Ta dube ni, ta ce, "I, ta lalace. Shi ya sa."

Ba ta ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ni ma ban ba ta ba sai bayan wata guda. Kuma na sayi wani takalmin irinsa na ɓoye a lakwal, ina sa shi in na shiga aji, na yi shekaru a haka. Abin da ya biyo baya ni na sha shi.

Tana kusan shekara hamsin da biyar wani lokotoron ƙashi ya duba ta, ya ce ana iya yi mata aiki: a yanka ƙashin, a mayar da shi saiti, ta yi kamar mako shida ba ta taka ƙafar sosai. Ta ce, "Mako shida wa zai dama hura?" Duk muka yarda, don mun san ta da sana'arta. Shekaru suka wuce. Yatsa na biyu ya haye kan babban, fatar tafin ƙafar ta yi kanta, tafiyar da take yi kamar wasa ta koma mata aiki. Da ta yarda aka sake kai ta asibiti, sai aka tarar ciwon suga ya shigo, ga tsufa. Lokotoro ya ce yanzu miki ba zai warke mata da sauƙi ba, gara a bari. Ta bar tasha, ta kama sanda. Ko a haka ba ta yarda a kawo mata ruwan alwala ba. Ta faɗi sau biyu a tsakar gida. Bayan faɗuwa ta biyu ne zazzaɓi ya kama ta, daga nan ba ta tashi ba.

Ni kuma a lokacin tawa ƙafar ta kai inda ba na iya tsayuwa a gaban allo. A zaune nake koyarwa, in zan yi rubutu in dafa teburi. Sau biyu lokotoro yana ce mini ciwon ya isa a yi aiki, sau biyu ina cewa sai bayan jarrabawar yara.

A rana ta bakwai ta jinyarta, bayan la'asar, mu biyu ne a ɗaki. Ta ce in cire takalmi in ɗora ƙafata a bakin gado. Ta lalubo ta da hannu, ta shafa ƙullutun, ta bi yatsan har ƙarshensa.

"Yaushe za a yi miki?"

"Bayan jarrabawa, Gwaggo."

"Bara ma haka kinka ce."

Ba ta saki ƙafar ba.

Ta ce, "Ni hura na ce. Kin tuna? Ba hura ba ce. Da na so, da matan unguwa sun dama min, ba mako shida ba, ko wata shida. Tsoro na ji. Tun ranar da anka sa min ƙarhen nan ina yarinya, in na ga abu mai kaihi ya nuho ƙahwata sai in ji kamar in gudu. Na tsaya gaban maza a tasha, na tsaya gaban ubanki, amma wanga ɗaya ya hi ni. Ban taɓa hwaɗa ma kowa ba."

Ban taɓa jin kalmar tsoro a bakinta ba sai ranar. Na riƙe hannunta.

Ta ce, "Ke kina da sauran lokaci, ba ki da suga. Kada ki gaje ni a wanga. Ki ce kin yi min alkawari."

Na ce, "Na yi."

"Ki hwaɗa duka."

"Na yi alkawari zan tahi a yi min aiki."

Ta saki ƙafar, ta ce in ba ta ruwa. Kwana biyu bayan haka ta cika.

Washegarin addu'ar arba'in na tafi asibiti, mijina ya raka ni. Lokotoron bai ɓoye mini komai ba. Ya ce ba don kyau ake aikin ba, don ciwo ne. Yatsan ba lalle ya miƙe sarai ba, kumburi zai daɗe, kuma akwai waɗanda abin ke dawo musu bayan shekaru, musamman in sun koma wa matsattsen takalmi. Ya ce a fara da ta hagu, ta dama sai wannan ta warke. Ya tambaye ni ko ina so in je in yi tunani.

Na ce, "Na gama tunani. Ka sa rana."

Da safiyar aikin, da aka kwantar da ni na ga fitila a saman kaina, tsoron nan da ta faɗa ya zo mini. Na ce wa mai allurar barci ta ba ni minti ɗaya. Na karanta abin da zan karanta, sannan na ce mata ta sa.

Yawancin wannan rubutu a kwance na yi shi, ƙafata a kan matashi biyu, naɗe da bandeji. Makonnin farko sun yi zafi, ba zan rage ba. Shekaranjiya lokotoro ya duba sabon hoto, ya ce ƙashin ya kama, in miƙe in taka. Na taka daga gado zuwa ƙofa, na dawo, na sake komawa ba tare da ya ce ba. Kafin in bar asibitin na sa an rubuta sunana don ta dama, bayan damina.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka da gajiyarta. Ka yafe mata kaifin bakinta, Ka karɓi alherinta, Ka yalwata mata makwanci, Ka tsayar da dugaduganta a ranar da dugadugai ke zamewa. Mu da muka rage, Ka kyautata namu ƙarshen.

Ranar Litinin zan koma aji. Na riga na aika a fitar da kujerar da ke gaban allo.